Ciyawar Filin Golf da Ragon Babana

Kowa a unguwarmu ya ɗauka namiji ne ya kai ni filin golf. Har yau in na wuce ƙofar gidan goggona sai matan da ke kitso a zaure su yi tsit. Wasu sun ce wani Alhaji ne daga Duwala, wasu sun ce Bature ne mai jan wuya, akwai ma wadda ta rantse ta ga motarsa da idonta. To ni na gaji. Babu saurayi a labarin nan, babu Alhaji. Ciyawa ce ta ɗauke mini hankali, ciyawa kawai, kuma saura ƙiris ta kashe uwata. Shi ya sa na rubuto muku, don in faɗa sau ɗaya in huta.

Ni 'yar mahauci ce a Garwa. Babana yana yanka da safe, da yamma ya gasa balangu a wata mararraba inda 'yan moto masu haya da babur da ɗalibai ke tsayawa. Na yi lise, wato sakandare, har na zauna jarrabawar probatuwar, na faɗi, haushi ya sa na ce ba zan maimaita aji da ƙannen bayana ba. Haka nake, ba ni da haƙuri, abin da ke raina shi ke bakina. Sai na samu aikin kai abinci a wani otal na hutawa da ke bakin tafki, can bayan gari. Baba ya yarda da sharaɗi ɗaya, ya ce in kai faranti in ɗauko faranti, kada in shiga harkar baƙi. Otal ɗin yana da filin golf, kuma daga barandar da nake aiki ana hango shi duka. Wanda ya san bazarar Garwa ya san yadda komai ke ƙonewa, kogi ya ja baya ya bar yashi, awaki su koma cin kwali. A cikin wannan wutar ga wani fili shimfiɗe, kore shar, famfuna suna juyawa a kansa suna yayyafi tun asuba. Sai in tsaya da tire a hannu ina kallo har shayin mutane ya huce. Ma'aikata ba ma taka shi, haka dokar take.

Wata Hajiya ce ta sa na taka. Dattijuwa ce 'yar kasuwa, kakanninta Kanawa, likita ya ce ta riƙa tafiya saboda sukari, ita kuma ta ce ba za ta yi ta zagaye ba dalili kamar wadda ta ɓatar da akuya ba, gara ta bi ƙwallo. Da hijabinta da takalmin gudu take wasan. Wata safiya abokiyar wasanta ba ta zo ba, ta dube ni ta ce ke 'yata, kullum idonki na kan ciyawar gazon ɗin nan kamar saniya a bayan shinge, ajiye tiren ki biyo ni. Na ce shef, shugabanmu na wurin aiki, zai kore ni. Ta ce ita ta san yadda za ta yi da shef.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Da na sa ƙafa sai na ji kamar ƙasar tana numfashi. Na cire takalmi na riƙe a hannu, raɓa tana shiga tsakanin yatsuna. Hazon ruwa bai gama tashi daga tafki ba, duwatsun ƙetare sun yi shuɗi kamar an rina su, balbelu suna tafiya a hankali a gabanmu ba sa ko gudunmu. Daga nesa dorina ta yi gurnani sau ɗaya ta nutse. Ba ƙarar moto, ba mai kiran sunana. Hajiya ta miƙo mini sanda ta nuna mini tuta can nesa, ta ce ƙarƙashinta akwai ɗan rami, nan ake so ƙwallon ta shiga. Na ɗaga sanda na kai duka da ƙarfina, na tono ƙasa, ƙwallo tana nan inda take tana kallona. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kai, jini ba ya ɓuya, wannan ai saran ƙashi ne, a nan ba mayanka ba ce. Ta ce in sassauta hannu, in bar sandar ta faɗo da nauyinta. Na gwada na kasa, na sake na kasa, na ce mata wasan mahaukata ne. Can sai na ji wani ɗan sauti, tas, ƙwallon ta tashi. Fara ƙal, ta hau sama ta tsaya kamar ta manta da saukowa. Wallahi a lokacin na manta na faɗi jarrabawa, na manta ƙaurin hayaƙin da ba ya fita daga zanena. Gani nake ni ce a sama.

Haka muka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa cikin yashi, na jefa ƙwallo a ruwa, Hajiya tana tsokanata tana cewa kifayen tafkin nan sun yi sabuwar uwar ɗaki. A wani rami ƙwallona ta yi taɓo, na lashi babban yatsana zan goge ta. Sai Hajiya ta buge mini hannu da ƙarfi. Ta ce ba a kai hannu baki a nan, jiya da yamma ta ga ana fesa maganin gara da tsutsa a filin, in wanke hannu da sabulu in mun gama. Na ce to. Kunnena ne kawai ya ji, ni ina can wajen balbelu.

Bayan ramin ƙarshe, kusa da shinge, na ga tsibin ciyawar da aka aske da safen, an zubar. Ɗanya, mai laushi, ƙamshinta kamar farkon damina. Duk wanda ya tashi a gidan dabbobi ya san ba ya iya ganin ɗanyar ciyawa a bazara ya wuce. A gida muna da wani rago ɗan Mora, fari mai baƙaƙen kunnuwa, Baba yana kiwonsa, zafi ya sa ya ƙi harawa ya ƙi dusa yana ta ramewa. Da na tashi aiki na cika buhu biyu. Ɗan moton da ya ɗauko ni yana ta dariya, wai wasu suna fitowa daga otal da ragowar kaza, ni na fito da abincin jaki. Na ce wa Inna a bakin kogi na samo, don in na ce filin golf sai an tambayi me ya kai ni. Ragon ya ci kamar zai haɗa da buhun. Na zauna ina kallonsa ina jin daɗi, wai shi ma ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana.

Washegari da hantsi ragon ya fara dalalar da miyau, jikinsa na rawa, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. A gidan mahauci wuƙa ake fara ɗaukowa kafin a yi tambaya, don kada dabba ta zama mushe. Baba ya ce zafi ne ya buge shi, ya yi bisimilla ya yanka da sauran ransa. Ya feɗe ya rataye, ya ce yau 'yan mararraba za su ci mai kyau. Da ya farke tumbi sai ciyawar ta zubo, koriya, da wani wari irin na maganin da ake fesa wa auduga. Ya yamutsa fuska ya tambayi inda aka samo ta. Inna ta ce bakin kogi. Ya ci gaba da aikinsa. A nan maganar Hajiya ta dawo mini, har da zafin bugun hannun. Ni da ake cewa bakina ba ya rufuwa, na bar Baba yana ta gyaran naman. Ina ta ce wa kaina wataƙila wuta za ta kashe dafin, wataƙila zafin ne da gaske.

A gidanmu hanta ta Inna ce, ita ake fara soyawa. Na ji ta sa mai, na ji caa. Ta tsamo ɗan yanki tana hurawa tana hira da goggona da ta shigo neman kitse. Ban san lokacin da na tsallake tsakar gidan ba. Na buge hannunta, na shure kaskon, mai ya watsu a ƙasa. Goggo ta hau salati tana cewa aljanun otal sun kama yarinyar nan. Ni kuma na faɗi komai da ƙarfi, filin, wasan, maganin, ƙaryar bakin kogi, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Daga nan labarin ya fita, kuma da yake ba wanda ya yarda budurwa za ta karya dokar ubanta saboda ciyawa, sai suka saka mini namiji da kansu.

Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sauke naman, ya haƙa rami a bayan gida, ya zuba kananzir don kada karnuka su tono, ya binne har hantar. Ranar bai hura wuta a mararraba ba. Abokan sana'arsa suka yi ta masa ba'a, wai ya fara yi wa ƙasa sadakar balangu. Ya daɗe ba ya yi mini magana sai amsa gaisuwa. Sai wata la'asar yana wasa wuƙa, bai ɗago ba, ya kira ni da sunan da yake kirana, Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya tambaye ni wai da gaske ne filin nan kore yake a wannan bazarar, daga farko har ƙarshe, kuma ba ko saniya ɗaya a kai. Na ce da gaske ne. Ya daina wasa wuƙar. Ya ce tun yana saurayi yake koro shanu daga Meiganga, bai taɓa ganin irin wannan ba sai a mafarki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Daɗi yana toshe kunne, an faɗa mini gaskiya ƙarara ban ji ba don ina kallon sama. Sannan ƙaryar da na yi don in kare kaina daga faɗa ita ta hana Baba gane abin da hancinsa ya gaya masa. 'Yan'uwana masu aiki a irin wuraren nan, ba ciyawar gonarmu ba ce, don ido aka shuka ta, kada ku ɗebo wa dabba ko tafin hannu. Kuma in kun kawo abu gida ku faɗi inda ya fito.

Na gaya wa shef ya sa a daina zubar da tsibin a bakin shinge, don matan rugage suna bi ta nan. Na kuma kira Hajiya, ta ce za ta zo ƙarshen wata. Na roƙe ta abu ɗaya, ta yarda. Ranar zan sa Baba ya saka farar rigarsa ta Juma'a, mu hau moto mu bi ta ƙofar gidan goggo da rana tsaka, in kai shi ya cire takalmi ya taka. Wannan karon duk wadda ta ce ta gan ni da namiji a filin golf ta faɗi gaskiya.