Mun Sa Wa Yayana Kaftani Don Mu Yaudari Kotu

Duk wanda ya ba ku labarina a Greensboro, ko dai ƙarya ya shara muku ko ya ba ku rabi ya riƙe rabi. Cewa suke na kai baffana ƙara saboda kwaɗayin diyyar yayana. Ni ban kai kowa ƙara ba. Dokar nan ce ta ce idan mutum ya ji raunin da ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, babu kamfanin inshorar da zai biya shi diyya a rufe magana sai alƙali ya duba ya amince. Da ni da babu ni, sai an je gaban alƙali. Laifina na gaskiya daban ne, ya ma fi wanda suke yaɗawa muni, shi ya sa na rubuto muku.

A lokacin shekarata ashirin da biyu. A nan na gama sakandare ban ci gaba ba, ina aikin kashiya a wani kantin kayan abinci a Gate City Boulevard. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya shaida, amma a gaban manya bakina mutuwa yake yi, haka aka rene ni. Mu uku ne a gida, ni da Mama da Yaya, wanda ya ba ni shekara bakwai. Babanmu ya rasu tun muna Zariya. Ƙaninsa ne ya yi mana hanyar zuwa nan Amurka, kuma bai taɓa bari mun manta ba ko na yini ɗaya. Yana da filin sayar da motoci, yana da gida a Sedgefield, ana ce masa Alhaji ana ba shi sahun gaba. Ni Baffa nake ce masa, in durƙusa in gaishe shi.

Yaya direban kai kaya ne. Wata safiya a hanyar McLeansville babbar motar wani kamfani ta ƙi tsayawa a mahaɗa, ta kwashe shi ta gefen direba. Ya yi mako uku bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, ba shi ne ya dawo ba. Ɓangaren hagunsa ya mutu, magana sai a gutsure, wani lokacin ya kalle ni ya ce min Mama. Farfaɗiya takan kayar da shi sau biyu ko uku a mako. Ba ya iya riƙe fitsari. Mutumin da yake kai ni makaranta yana tsokanata da 'yar rigima, shi ne nake canza wa famfas kafin in tafi aiki. Na faɗi wannan ne ƙarara don shi ne abin da muka ɓoye.

Baffa ne ya samo lauya, shi ne kuma yake zuwa kowane zama a matsayin uban gida. Da kamfanin inshora ya yi tayin farko, ko karantawa bai gama ba ya ce a karɓa, wai Musulmi ba ya cinikin ƙaddara. A ofishin lauyan har ya kama hannun Yaya ya ɗora kan takarda zai sa masa hannu. Lauyan ya zare biron a hankali, ya ce ba haka ake yi ba. Tunda likitoci sun rubuta cewa ƙwaƙwalwar ta taɓu, kotu za ta naɗa wani lauyan daban wanda ba namu ba, ba na kamfani ba, aikinsa kawai ya tsaya wa Yaya. Zai zo gida ya gan shi, ya rubuta wa alƙali ko kuɗin za su ishe shi jinya, da kuma hannun da ya kamata su shiga. Na ga fuskar Baffa ta canza a wurin, amma na ɗauka gajiya ce.

Kwana biyu kafin zuwan lauyar kotun, don mace ce, Baffa ya zo gidanmu ya zaunar da Mama. Ya ce mata ta yi hattara, mutanen nan idan suka ga jikin ya yi tsanani ƙwace shi za su yi, su kai shi gidan kula da nakasassu, inda babu mai duba masa halal da haram a kwano, babu mai juya shi ya fuskanci alƙibla. Ya ce mu 'yan babban gida ne, ba a san mu da tallar ciwo ba, a rufa wa yaro asiri. Mama ta fashe da kuka ta ce duk yadda ya ce haka za a yi. Sai ya juyo kaina ya ce ke uwar baki, ke za ki yi tafinta, abin da uwarki ta faɗa shi za ki faɗa, kar ki ƙara gishiri. Na ce to. Wallahi kalmar nan har yau ita ke hana ni sakewa.

Ranar da za ta zo, tun da hantsi muka yi wa Yaya wanka da aski. Muka sa masa farin kaftaninsa na sallah da hula, muka fesa turare, Mama ta turara falo har ido yana yaji don kar a ji zarni. Ni da hannuna na kwashe famfas ɗin, da ledar shimfiɗa, da kujerar wanka, na loda su a but ɗin motata. Muka ja lokacin maganinsa yadda zai yi lamo daidai isowarta. Muka ɗora masa hannun hagun a cinya muka sa masa carbi a kai. Matar ta zauna kusan awa guda, mai kirki ce, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Ta tambayi Mama yadda yake kwana da yadda yake yini, Mama ta yi ta godiya ga Allah tana cewa sauƙi na samuwa, ni kuma ina juyawa. Ta tambaya ko yana faɗuwa, Baffa ya riga kowa cewa wannan da ne. Da za ta fita ta tsaya da ni a bakin mota, ta ce ni ce ƙarama, ni nake ganin abin da manya ba sa faɗa, ko akwai abin da nake so ta sani. Tana jingine da but ɗin da kayan suke ciki. Na ce babu.

Ta rubuta abin da ta gani, ta ce da alama yana murmurewa fiye da yadda tsofaffin takardun asibiti suka nuna, kuma iyali sun haɗa kai a kan Baffa ya zama mai riƙe dukiyar. Aka sa ranar zama.

Abin da ya buɗe min ido ba wani bincike ba ne, Baffa ne da kansa, don ya raina ni har ba ya ganin akwai abin ɓoyewa. Ni nake saya masa tikiti a waya duk lokacin da zai yi tafiya. Ana saura mako guda a shiga kotu ya turo min saƙon murya ya ce in duba wa mutum biyu jirgin Kano, Mama da Yaya, zuwa kawai. Na kira shi na tambayi na dawowa. Ya yi dariya ya ce dawowa su yi me. Na kashe, sai ga wani saƙon muryar mai tsawo, yana min bayani kamar mai koya wa yarinya karatu. Wai a gida ɗan abin da zai riƙa turawa duk wata zai ishe su, akwai masu tofi, akwai 'yan uwa. Kuɗin kuma za su shiga filin motoci su yi ta juyawa, don wanda ba ya cikin hayyacinsa me zai yi da dala. Ya ƙara da cewa ai shi ma ya kashe a kanmu, lokacin girbinsa ne ya zo, sannan ya rufe da dariya. Na saurara sau huɗu a tsaye a bayan kanti. Maganin farfaɗiyar Yaya, da gashin ƙashin da ake masa sau biyu a mako, da likitan ƙwaƙwalwar da ya san shi tun ranar farko, duk a nan suke. Mutumin nan ya tsoratar da uwata da cewa za a ƙwace mata ɗa, ashe shi ne zai tura shi inda zai lalace a ɗaka, ya zauna a kan kuɗin jininsa.

Ban gaya wa Mama ba, na san za ta ce in yi shiru, babba ne. Na kira lauyar kotun sau biyu ina kashewa kafin ta ɗauka. Tsoro nake ji, don ni ma na yi ƙarya. Haka na yi ta jan ƙafa har ranar ta zo.

Ɗakin kotun ƙarami ne, ba kamar na fim ba. Baffa ya sha babbar riga, ya zo da dattawa biyu don su ga yadda yake tsaya wa marayu. Alƙalin ya karanta takardu, ya yi wa lauyoyi tambayoyi a kan kuɗin asibiti da ladan lauya da abin da zai rage wa Yaya. Sannan ya ɗago ya tambaya ko a cikin iyali akwai mai ganin wannan sulhu bai dace da majinyacin ba. Ban san sanda na miƙe ba. Mama ta ja min mayafi, na fizge. Na ce abin da aka nuna wa lauyar shiri ne, kuma ni na shirya. Na faɗi famfas, na faɗi farfaɗiya, na faɗi awa nawa muka ja magani. Na ce an sa ni neman tikitin da babu dawowa. Baffa ya taso yana ce min 'yar banza da Hausa, alƙalin ya ce ya zauna ko a fitar da shi. Wanda ya fi ba ni kunya ba shi ba ne, lauyar ce. Kallo ɗaya ta yi min, ta mayar da ido kan takardunta.

Alƙali ya ƙi amincewa. Ya ce a sake gwada Yaya daga farko, a kawo tafinta wanda ba ɗan gida ba. Abin ya ci wata bakwai. A wata bakwai ɗin nan Baffa ya janye ɗan taimakon hayar da yake yi, muka koma ɗaki ɗaya da falo. Mama ta yi kwana arba'in ba ta amsa gaisuwata ba. Matan da suke kawo mana tuwo ranar Juma'a suka ɗauke ƙafa. Akwai wani gashi na musamman da likita ya so a fara wa hannun hagun da wuri, ba mu da halinsa sai diyya ta fito, kafin ta fito hannun ya ƙage. Da na buɗe but ɗin nan na nuna wa matar tun ranar farko, da ba a yi asarar watannin nan ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Daga baya kamfanin ya ƙara kuɗin sosai, da aka ga ainihin jinyar da zai buƙata har ƙarshen rayuwarsa. Kotu ta sa aka zuba su a asusun amana, ba mai taɓawa sai don Yaya, kuma duk shekara sai an nuna wa kotu inda suka tafi. Ko ni ba zan iya cire kuɗin shayi ba, kuma haka nake so. Yanzu akwai mai zuwa ta taya mu kula da shi, yana da keken da ya dace da jikinsa. Babu wanda ya ƙwace shi, babu ma wanda ya taɓa kawo zancen.

Abin da na koya shi ne, rufin asirin da muke taƙama da shi, a gaban mai duba lafiyar majinyaci cuta ce. Alƙalin nan bai san Yaya ba, ba addininsu ɗaya ba, amma shi ya tambayi abin da zai ishe shi, ƙanin ubansa kuwa lissafin jari yake yi. 'Yan uwana mata, musamman ku da ake sa wa tafinta don kun fi iyayenku Turanci, idan kotu ta turo a duba naku, ku bar ɗakin yadda yake. Ku nuna zanin gadon. Kuma duk dattijon da ya ce a yi sauri a karɓa, ku tambaye shi ina kuɗin za su kwana.

Ana ta ce min in yafe, wai jini ɗaya ne. Ban yafe ba. Bai taɓa zuwa ya duba Yaya ba tun ranar kotu, yana dai zagayawa yana cewa Amurka ta lalata ni. Da na bar shi da Allah, sai na ji wata baiwar Allah da mota ta buge 'yarta a bakin makaranta ta naɗa shi wakilinta wajen lauya, don an ce mata ya san hanya. Ranar Lahadi mai zuwa ƙungiyar mutanenmu za ta yi taro, shi ne kuma zai zauna a kujerar gaba. Saƙonsa yana nan a wayata ban goge ba. Na riga na ari lasifika. Zan fara zuwa gidan matar ranar Asabar ta ji da kunnenta, in ba ta lambar lauyar kotun. Ranar Lahadi kuma zan durƙusa in gaishe shi kamar yadda aka koya min, in jira a gama addu'ar buɗe taro, sannan in kunna musu muryar Alhaji tun daga sallama har dariyar ƙarshe.