Shayin Da Bai Zube Ba

Mai rai Ya karɓi abinSa, kuma gare Shi dukkanmu za mu koma. Ranar Litinin, huɗu ga Nuwamba, Baba Motaleb Mridha, makanikin jiragen kamun kifi na garinmu Patharghata, ya rasu bayan fama da ciwon ƙirji. Ni a tsakiyar teku labarin ya same ni ta waya, hannuna duk ƙarnin kifi.

Baba, kai ka koya mana cewa ba a gama daidaita inji da sandar farfela a tudu. Sai jirgin katako ya shiga ruwa, ya sha, ya zauna, sannan ka dawo da sufana da siraran fallayen ƙarfe, kana cusawa ƙarƙashin inji har bakin inji da na sandar su haɗu daidai. In ka gama sai ka cika kofi da shayi, ka ɗora a katakon da ke saman sandar, ka ce a tayar da inji. Ko ɗigo ya zube, a sake kwance noti. Mun sha yi maka tsiya, kana dariya. Jirgin marayun marigayi Sobhan ma haka ka yi masa, ka ƙi karɓar komai sai kan kifi.

Da aka kusa ɗage dokar hana kamun kifin hilsa, sabon injina sai jijjiga yake. Na san kana kwance ba lafiya, amma na je. Matarka, Inna Rahela, ta tare ni a ƙofa.

"Jabbar, mutumin nan ko zama ba ya iyawa."

"Inna, dubawa kawai zai yi."

Ka jiyo mu, ka fito kana dafa bango. "Kai Jabbar, kifin nan ya ce maka zai yi ƙaura ne? Ɗauko min sufana."

Ba dubawa ka yi ba. Kwanciya ka yi cikin ruwan gindin jirgi tun hantsi har la'asar. Ina jin tarinka, na kawar da kai. Shayin bai zube ba, ni kuwa har da tafi.

Da aka buɗe teku muka fita kaf, kowa da injin da hannunka ya gyara. An ce sahun jana'izarka tsofaffi ne ƙalilan. Kunya ta ishe ni, Baba. Tun da na dawo, ta bayan kasuwa nake bi don kada in wuce ƙofar gidanka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha dominmu ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba 'ya'yanka Anisur da Shefali haƙurin rashi.

Inna Rahela, gobe zan zo in durƙusa gabanki. Don Allah kada ki kawo min shayi, hannuna ba zai iya riƙe kofin ba.