Tsagar da na yi a bencin Baba

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba labarin wani na ji ba, Allah ne shaidata. Shekara tara ke nan, lokacin ina aikin kafinta a Kachalla Sembe, cikin Jalingo.

Babana kafinta ne, akwatin gawa ya fi yi. Yana da wani benci na icen madobiya, mai nauyin tsiya, sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. In an yi rasuwa, dangi kan kawo karan dawa da suka auna mamaci da shi, Baba ya shimfiɗa karan a kan bencin, ya sa cizal ya yi 'yar tsaga a gefe daidai inda ya ƙare. Shi ya sa dokarsa ɗaya ce: mai rai ba ya kwanciya a kan bencin nan.

Da Baba ya rasu, ƙanensa, Baba Ƙarami, ya ƙwace shagon, ya kori Mama da kayanta a buhu, ya jefar da bencin bayan gida, ruwa ya dake shi shekara shida, awaki na kashi a kai. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Da na kawo ƙarfi na je na ɗauko bencin, ko kallona bai yi ba.

Wata biyu na yi a kansa, da hannu, ban bari inji ya taɓa shi ba. Na cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, na sake ƙafa ɗaya da gara ta cinye, na fere saman har tsoffin tsagogin Baba suka ɓace gaba ɗaya, na bi da sanfefa, na shafa mai. Kai, icen ya fito ja wur, har Mama ta yi hawaye.

To ashe labari ya kai wa Baba Ƙarami, kuma lokacin ana rububin sayen madobiya. Ran wata Laraba da azahar sai ga shi.

"Yaro, wannan benci na gidanmu ne, gobe mota za ta zo ta ɗauka."

Na ce, "Baba, shekara shida yana cikin ruwa ba ka ce naka ba ne."

Ya yi dariya, ya tuɓe takalmi, ya haye ya miƙe ɗoɗar a kai, wai abinsa ne, ko barci ya ga dama zai yi. Ya san dokar sarai. Ni kuwa zuciya ta ciyo ni, ban ce masa sauka ba. Na ɗauki cizal, na je daidai tafin ƙafarsa, na buga shi a gefen bencin sau ɗaya. Ƙwas! Ya tashi zumbur yana zagina, amma na ga fuskarsa ta canza.

Motar ba ta zo ba. Kwana tara, Baba Ƙarami ya faɗi matacce a gonarsa ta Iware, ko ciwon kai bai yi ba. Matarsa ta zo da karan dawa tana kuka, na shimfiɗa shi a kan bencin, wallahi ya tsaya cif a bakin tsagar nan. Ni na yi akwatin, kuma in faɗa muku gaskiya, ina yi ina jin sanyi a raina.

Bayan biso na ce bari in share tsagar. Na fere, na fere, har kaurin yatsa ya tafi, tana nan kamar yanzu aka yi ta, alhali na Baba duk sun goge ba gardama. Na kira Mama ta gani. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ɗana, kai da shi ai tsawonku ɗaya ne."

Har yau ban auna ba, kuma ba zan auna ba. Bencin na nan na rufe shi da tamfol. Ku dai in an cuce ku, ku yi zagi, ku kai ƙara, ku yi kuka, amma kada ku ɗauki kayan aikin matattu ku auna mai rai.