Mutum na Bakwai a Bangon Madain Fahd

Isha'aku mai fenti ya manta fuskar ubansa. Shekara goma sha uku suka yi suna cin tuwo a kwano ɗaya, amma ta goge masa sarai, kamar rubutun allon shago da rana ta daɗe tana duka. Uban nasa, Kassimu, ɗan garuwa ne a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda. Daga Damagaram ya zo aikin hajji ya yi zamansa, bai taɓa yin takarda ba, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Wata safiya a 1978 masu binciken iƙama, wato takardar izinin zama, suka tare shi da garewani biyu a kafaɗa, suka sa shi a mota. Tun ranar ko wasiƙa. Abin da ya rage wa ɗan shi ne bayan uban: hula a kai, kafaɗar hagu a karkace saboda sandar ɗaukar ruwa.

A Jidda aka haifi Isha'aku, a nan ya yi furfura, amma duk shekara sai ya bi kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, a sabunta masa iƙama, sai ka ce jiya ya sauka. Hannunsa kuwa, tubarkalla. Rabin allunan shagunan unguwarsu shi ya rubuta.

Da zaɓen baladiyya, wato na ƙananan hukumomi, na 2005 ya ƙarato, wani ɗan kwangila mai suna Abdulghaffar ya ba shi dogon bango a unguwar Madain Fahd, ya zana abin da zai ja 'yan ƙasa su fito jefa ƙuri'a. Wanda ba shi da ƙuri'a aka sa ya kira masu ita, kuma ba wanda abin ya ba mamaki.

"Maza bakwai a layi, akwati a gaba," in ji Abdulghaffar. "Ban da fuska, ka dai sani. Yalla."

Ya sani. A zanen bango ba a yi wa mutum ido da hanci. Shida suka fito tsaf da farin tobe da gutura, riga da mayafin kai irin na 'yan ƙasa. Na bakwai kuwa, Isha'aku ya rantse ba da niyya ya yi ba. Sai da ya sauko daga tsani ya ga hula, ya ga kafaɗa a karkace. Shekara ashirin da bakwai yana neman ubansa, ga shi tsaye a layi yana jiran a zo kansa.

Abdulghaffar na zuwa ya girgiza kai. "Wannan ba ɗan ƙasa ba ne, ya Isha'aku. Shafe shi, halas."

Da hannunsa ya shafe shi, farin fenti har shafi uku. Ranar bai iya cin abinci ba.

Shekara huɗu yana kauce wa titin. Sai ruwan 2009 ya zo ya yi wa gari ɓarna, danshi ya kama bangon, farin ya fara ɓantarewa. Hular ce ta fara leƙowa, sannan kafaɗar. Isha'aku ya koma zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya tsaya ya yi addu'a, tunda ba shi da kabarin da zai ziyarta. Yana jin tsoron wurin, ya kuma kasa daina zuwa.

A 2012 aka ce za a rushe bangon. Ya ɗauki matarsa Zaituna ya kai ta, don a samu mutum na biyu da ya ga Kassimu kafin a sake tafiya da shi.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ta dube shi.

"Malam, ni ban san Baba ba," ta ce a hankali. "Amma shekara ashirin ina ganin bayan nan yana fita daga gidanmu da tsani a kafaɗa."

Isha'aku ya kai hannu ya taɓa kafaɗarsa ta hagu. A karkace take.