Ƙyallayen Mai Kaki

Ranar da Mai Kaki ya juye buhun ƙyallayensa a kan tebur, ruwa ake yi tun safe, irin yayyafin nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Rufin shagon yana ɗiga a kusurwar da ya saba, na tara bokiti. Babu wanda ya leƙo da ɗinki.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina guga a shagonsa. Tela ne, amma ba na kayan kwalliya ba. Kayan aiki yake ɗinkawa: rigunan masu gadi, wandunan direbobi, fararen kayan ma'aikatan asibiti. Can sunan ya samo asali. Ya girme ni da shekara shida, ina ce masa Yaya, shi kuma in yana cikin raha ya kira ni Sarkin Gawayi, ko da yake tuni muka koma dutsen guga na lantarki. Mutum ne da ba ya shiri da karkataccen ɗinki. Na taɓa ganin ya farke aljihu sau uku a kan abin da mai rigar ba zai taɓa lura da shi ba. Kuma bai iya zubar da ƙyalle ba. Duk abin da almakashi ya rage, in dai ya kai tafin hannu, buhu zai shiga.

A satin nan ne ya je wurin likitan ido. Bai ce mini komai ba sai a ranar, yana baza ƙyallayen da hannu.

"Sun ce jijiyar ce take mutuwa," in ji shi. "Abin da ya tafi ya tafi. Saura kuwa, wata uku ko huɗu, sai yadda Allah ya yi."

Na ce, "To, wannan tarkacen fa?"

"Tarkace a gidanku. Auta ce ta ce bangon falonta fayau yake. Rabin garin nan na tufatar, ɗiyata ba ta da ko hankici na ɗinkina. Zan haɗa mata ɗan abin ratayewa kafin a kashe mini fitila."

Na dubi tulin. Babu ja, babu kore. Kaki ne da fari da ruwan toka da ruwan ƙasa, sai ɗan ruwan madara.

"Yaya, wa zai rataya kayan masu gadi a falo?"

"Kai dai kunna dutsenka."

Ya yanka kwali murabba'i, faɗin yatsa uku, shi ne ma'auni. Yana ɗora shi a kan ƙyalle, ya zaga da alli, ya yanka. Tara a kwance, sha ɗaya a tsaye, duka bai fi fuskar matashin kai ba. So yake masu haske su zauna a tsakiya, suna duhu a hankali har zuwa baki. Nan fa aikin ya zama na mutum biyu, don launukan sun fara haɗe masa. Sai ya ɗaga guda wajen hasken ƙofa.

"Wannan fa?"

"Toka."

"Wace tokar? Ta masu gadin kamfanin sabulu ko ta direbobin bas?"

"Ta direbobi."

"To, ta fi duhu. Kai ta baya." Ya murza wani tsakanin yatsu ya yi dariya. "Wannan na sani ko a mafarki. Wandon ƙaton nan ne mai tumbi, da ya ce tef ɗina ne ya yi ƙarya."

Haka muka yi kwana ashirin. Da safe kawai yake hawa keken ɗinki, lokacin da idon bai gaji ba. Layi ɗaya a rana, wani lokacin rabi. Kowace kusurwa sai ta sadu da 'yar'uwarta daidai, in ba haka ba ya farke.

Da fuskar ta haɗu ya miƙo mini ya ce in kwantar da ɗinkin. Ni kuma hannuna ya yi abin da ya saba yi wa wandon kaki shekara talatin: na yayyafa ruwa sosai, na ɗora dutse da zafinsa, na danna. Ban tuna ba sai da tururi ya tashi. Mu a shagon nan, sabon yadi sai an jiƙa shi ya sha ruwa ya motse kafin a yanka. Amma cikin buhun akwai bakin yadi da ragowar da ba su taɓa ganin ruwa ba. Na auduga suka ja, na roba suka tsaya inda suke. Abin da yake shimfiɗe lafiya lau ya tattare kamar goshin tsoho.

Na kai masa. Ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa.

"Sarkin Gawayi, miya ka dafa a kai?"

"Laifina ne, Yaya."

"Na san ba na maƙwabta ba ne. Miƙo reza."

Ya zauna bakin ƙofa zai farke. Ya kai ƙyallen kusa da hanci, ya nisanta shi, ya juya wajen haske. Zaren kaki ne a kan yadin kaki. Na tsaya ina kallonsa yana neman ɗinkin da shi da kansa ya yi sati biyu da suka wuce, bai gan shi ba. Rezar ta ɗan ci yadin. Sai ya ajiye ta a kan gwiwa.

"Kawo in farke maka," na ce.

"Ka farke, wa zai mayar? In na sake hawa keken nan, yatsana zan ɗinke." Ya ja numfashi. "A bar shi yadda yake. Nemo mini tsohon bargon nan."

Muka yanka bargon ya zama ciki, muka sa farin shafi a baya. Sauran aikin da hannu ya yi shi. Kowace safiya nakan zura zare a allura goma in soke su a jikin labule kusa da shi. Yana bin gaɓar ɗinkin da ɗan yatsa, allura tana biye, ƙanana ƙanana, har ta ratsa duka ukun. In ya kauce in ce, "Hagu kaɗan." Wani lokacin ya ce, "Na sani," alhali bai sani ba. Wata guda ya ɗauka. Kalmasar baki ce ta ƙarshe, da 'yan maɗaukai biyu da aka zura sanda.

Auta ta zo shagon da kanta. Ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ya na ga ya ɗan tattare?"

"Tambayi baffanki, shi ne injiniyan."

Ta yi dariya, ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi. Shi bai gani ba, ni kuma ban faɗa masa ba.

Bayan wata biyu muka rufe shagon, wani mai gyaran waya ya karɓa. Mai Kaki yana gidan Auta yanzu, a ɗakin da yake kusa da falo. Ba ya gani ko kaɗan. Abin yana rataye a bangon da ke gefen kujerarsa, ƙasa ƙasa, inda hannunsa yake kaiwa. Nakan je duba shi ranar Laraba.