Anti Gam da Littattafan Cikin Leda

Yara ne suka raɗa mata Anti Gam, don kullum yatsunta a daskare suke da gam. Da can malamar aji ce, sai ciwon maƙogwaro ya hana ta ɗaga murya, aka tura ta ɗakin karatu wai ta je ta huta. Hutun ke nan: liƙa bango, ɗinke shafi, goge majina daga hoton zaki. Ita kanta sai da ta girma a bencin baya kafin karatu ya shige ta, shi ya sa ba ta haɗa 'yan bencin baya da kowa. Da an fita hutun safe sukan zube a tabarmarta, tana bi musu layi da yatsa.

Makarantar tana da wata ƙazamar ɗabi'a: sabon littafi na nuna wa baƙi ne. Cikin ledarsa yake zama a kabad ɗin gilashi, makulli a aljihun Hedimasta, sai ya tsufa ko ɓera ya ɗanɗana shi sannan a sauko wa yara da shi.

Ana nan sai ga bita, wai a koya wa malamai yadda kowane yaro zai samu rabonsa na karatu, ɗan mai hali da ɗan marar hali. A ɗakinta aka yi. Aka naɗe tabarmar, aka cusa tsofaffin littattafanta ƙarƙashin tebur. Masu bitar sun zo da kwalin littattafai masu hotuna kyauta, suka ce a kawo yaran da karatu ke ba wuya, a gwada dabarun a kansu.

Hedimasta ya kwaso 'yan bencin gaba.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ai jarida suke karantawa," ta ce masa a baranda.

"So kike a ce makarantar daƙiƙai nake riƙe da ita? Na gaya musu su riƙa ɗan i'ina."

"To, yarana na bencin baya fa?"

"Suna ɗauko wa baƙi kujeru. Shi ma ai tarbiyya ne."

Haka ta zauna tana kallon 'yar mataimakinsa, wadda ke lashe gasar karatu, tana tuntuɓe da gangan a kan kalmar akuya. Mai bitar ta ɗan tallafa mata, yarinya ta karanta tsaf, ɗaki ya kaure da tafi. Sauran malamai hamma kawai suke, ana jiran lemo da takardar shaida. Ga nata yaran a taga, sun manna goshi a ƙarfe suna leƙe. Wata malama ta tashi ta ja labule, wai suna ɓata hoto.

Manyan cikin yaran nata a wannan zangon za su fita. In kwalin nan ya shiga kabad, sun gama makaranta ke nan ba su taɓa shinshina sabon littafi ba.

Da aka fita ɗaukar hoton rufe taro, ta ce ƙafa ke damunta. Ta zaro allurar ɗinkinta, ta farke ledojin kaf, ta yafito masu ɗaukar kujeru.

"Ku zo, 'ya'yana. Kar wanda ya wanke hannu."

Da ƙurarsu da guminsu suka hau buɗe-buɗe. Ita ma ta ƙara nata, ta lanƙwasa gefen shafi nan, ta dangwala gam can.

Hedimasta ya dawo da makulli a hannu. Ya ɗaga littafi ɗaya da yatsa biyu, ya yatsina fuska.

"Malama, me kuma zan nuna wa baƙi? Wannan ai ya zama tsohon littafi."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. In jera maka su a kabad?"

"Allah ya kiyaye. Kwashe tarkacenki."

Takardar shaida dai ba ta samu ba, an ce ba ta cikin hoto. Washegari ta shimfiɗa tabarmarta. Babbar cikin yaran ta ɗora littafin a cinya, ta sa yatsa a kan akuya, ta fara tuntuɓe na gaskiya.