Ranar da Dorina ta Sauka a Kuncin Hedimasta

Wata Laraba ce da hantsi, gero ya fara nuna, zamanin Turawa na mulki, ina aji biyu a elemantare ta Rabah. Dogarin hakimi ya shigo da mu filin makaranta, ni da babana, igiya guda a ƙugunmu, tun daga ƙauyenmu Maikujera yake jan mu. Laifina kwana tara ban zo ba. Baba ne ya tsai da ni korar tsuntsaye a gona, don ba shi da wani ɗa sai ni. Kullum ina bisa rumfa ina kaɗa igiyar gwangwanaye, ina kuwwa har muryata ta dishe.

Dokar lokacin, in yaro ya yi fashi, uban ake bugu gaban yara don sauran iyaye su shiga taitayinsu. Dogarin ya tuɓe wa Baba riga, ya kai shi ƙasa. Dorina ta farko ta tsaga mai baya, ta biyu jini ya gangaro har wando. Baba, dattijo da furfura tai, sai ya kau da kai don kada mu haɗa ido. Nan na rantse a raina in anka kwance ni, ni da boko har abada, ko za a kashe ni.

Sai ga hedimasta, Malam Umaru, siriri ne har muna tsegumin iska za ta ɗauke shi. Bai yi gudu ba, bai ɗaga murya ba, ya zo ya tsaya tsakanin Baba da dogarin. Dorina ta uku a kuncinsa ta sauka, ta yage shi daga kunne zuwa haɓa. Ko shafawa bai yi ba.

"Aje ta," in ji shi. "Ni anka ba amanar wurin ga, kuma ba a bugun uba gaban ɗansa a nan. Gaya wa hakimi haka na ce, ina tafe in maimaita da bakina."

Dogarin ya ce, "Malam, ka san mi kake yi kuwa?"

"Na sani."

Malam ya kwance mu, ya tuɓe tasa rigar ya sa wa Baba, ya nufi fada da jininsa. Kowa ya ce aikinsa ya ƙare. Bai ƙare ba. Ya dawo da izinin a riƙa sakin 'ya'yan manoma lokacin tsuntsaye, su rama karatu da rani.

Bayan an yanke gero, Baba da kansa ya riƙo hannuna har ƙofar makaranta, ina turjewa. Ya ce, "Malam, ga shi, kai na ba."

Yanzu babu dorina, alhamdulillahi, amma na ga shugabannin makaranta da yawa masu "to, ranka ya daɗe" a gaba, gunaguni a baya. Ni ma na riƙe makaranta har na tsufa. Duk ranar da tsoron wani babba ya so ya rufe min baki, sai in ji hannuna ya kai kuncina.